Magret Tela da Bikin Taƙa

A layin teloli na unguwar Satwa a Dubai mace ɗaya ce za ka gani zaune a kan keken ɗinki, ita ce Magret. Sauran duk maza ne, 'yan Pakistan da 'yan Bangaladash. Shagon da take aiki ƙarami ne, kekuna huɗu da teburin yanka, nata keken yana can ciki kusa da madubi. Mutanen gida Maman Edwin suke ce mata. Larabawa masu kawo ɗinki kuwa sun mayar da sunan Margarit, ta gaji da gyara musu ta bari.

Na san ta ne a filat ɗin da muka zauna tare, a bayan wani gidan burodi na 'yan Afganistan. Ni ina aiki a ofishin kago, na masu aika kaya, a Sabkha, ita tana ɗinki, gadonta yana ƙasa nawa yana sama. Ni Bakanuwa ce Musulma, ita Bajju ce Kirista daga Zonkwa, amma da azumi ita ke tashina sahur, ni kuma ranar da take zuwa coci ni ke goge mata ɗankwali.

Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan. Ta yi sakandare ba ta gama ba, ta koyi ɗinki a Sabon Tasha a Kaduna wajen wata ƙanwar uwarta. A can ta yi aure, ta haifi Edwin da ƙanwarsa. Mijin direban tifa ne, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Abuja tun yaran ba su shiga makaranta ba. Ta bar su wajen tsohuwarta ta zo Dubai aikin shara a wani otal. Wata rana ta kai wandonta na aiki a rage mata tsawo a Satwa, telan ya ɓata, ta ce ya matsa. Ta zauna a kan kekensa ta gyara da kanta, mai shagon yana tsaye yana kallo. Da kwantiraginta na otal ya ƙare shi ya yi mata biza.

Abin da ta fi shahara da shi ɗinkin duwatsu ne a kan karammiski. Aiki ne na hannu mai cin ido, mazan shagon ba sa son sa, ita kuwa za ta wuni a sunkuye tana waƙar coci a hankali, allura tana shiga tana fita.

A shekarar 2016 wata maƙwabciyarta ta Sabon Tasha ta kira ta tana kuka. 'Yarta Mary-Jane ta zo Dubai da bizar ziyara, wanda ya yi mata alkawarin aiki ya kashe waya, yarinyar tana kwana a ɗakin wasu da ba ta sani ba a Muraƙƙabat. Magret ta tashi daga aiki ta hau jirgin metiro ta je ta ɗauko ta da jakarta ɗaya. Babu gado a filat ɗinmu, sai suka raba nata, ɗaya kai nan ɗaya kai can, har gado ya samu. Ita ta bi ta shagunan gyaran gashi na Rigga har aka ɗauke ta a ɗaya.

Mary-Jane yarinya ce mai kai, mai fara'a, ga Turanci kamar a bakinta aka ƙirƙire shi. Ta gama kwalejin kimiyya da fasaha, ta karanta aikin jarida, kitso kuwa dole ce ta sa ta. Duk inda ta zauna waya tana hannunta. Ta ɗauki mai burodi yana manna ƙullu a tanderu, ta ɗauki jiragen ruwa na katako a Deira, ta yi magana a kai ta sa a intanet. Mutum ɗari su kalla, wani lokaci ɗari biyu. Mama take ce wa Magret, Magret kuma ko a coci cewa take yi 'yata.

Ita kuma Tuful, wadda za ta zama babbar ƙawar Magret, ta fara shigowa shagon ne a wajajen wannan lokacin. Doguwar mace ce baƙa wuluk, cikin abaya, da ƙunshin yadi a hannu. Magret ta ɗago ta gan ta, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Daga Kano ko daga Maiduguri?"

Matar ta tsaya tana kallonta, sannan ta yi dariya ta amsa da Larabci cewa ba ta ji ba. Magret tana da Larabcin shago, wanda ake tsinta a bakin masu ciniki, da shi ta tambaye ta ƙasarsu. Ta ce Oman. Magret ta ce a'a, asalin ƙasarsu take nufi. Ta sake cewa Oman, can kudu, wani gari a bakin teku kusa da Salala, sunansa Taƙa. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta.

Tuful fatauci take yi. Takan zo Dubai ta sari karammiski da duwatsu da turare ta kai wa matan garinsu. Rigar matansu doguwa ce, gajera ta gaba, ta baya kuma tana ja a ƙasa, ana cika ƙirjinta da ado. Ta ba Magret guda ɗaya ta gwada, da ta dawo ta gani sai ta kawo biyar. Daga nan duk zuwanta sai ta wuni a shagon. Tana zaune a kan tulin yadi, su sha shayin karak mai madara da kayan ƙamshi, su yi hira da rabin Larabci rabin hannu. Tana kawo mata lubban da halawa, alewar ƙasarsu, Magret kuma ta koya mata cin miyar kuka har ta riƙa tambaya. Lokacin da tsohuwar Magret ta kwanta asibiti a Kafanchan, Tuful ce ke kira kullum daga Oman ta ji jiki.

A shekarar 2019 aka sa bikin 'yar Tuful, Wasila, a hutun babbar salla. Magret ce ta ɗinka rigar amarya, jan karammiski mai duhu, ta yi kusan wata biyu a kanta. Da Tuful ta zo ɗauka ta ce ba za ta ɗauka ba.

"Ke za ki kawo ta da hannunki," in ji ta. "Yayana zai yi miki takardar shiga. Uwata tana son ganin wadda take yi mana wannan aiki."

Magret ba ta taɓa zuwa ko'ina don yawo ba. Tun da ta zo Dubai tsakanin Satwa da coci take, sai gida sau ɗaya a shekara biyu. Ta dawo filat tana murna kamar yarinya. Mary-Jane na ji ta ce ita ma sai ta je. Ta roƙa, ta yi shagwaɓa, ta ce ita za ta yi wa amarya gashi kyauta. Magret ta kira Tuful a gabanmu.

Tuful ta ce a waya, "Wannan mai ɗaukar hoto? Ya ukhti, 'yar'uwata, mu ba ma son hoto a wajen mata."

"'Yata ce," in ji Magret. "Ni na tsaya mata."

"To, in 'yarki ce tamu ce. Ku zo."

A bas suka tafi daga Deira, suka kwana a hanya. Magret ta ce tun daga iyaka ba abin da take gani sai rairayi da duwatsu, zafi kamar na Dubai ko ya fi, har ta fara tunanin ko Tuful ta yi mata ƙari ne da take cewa garinsu kore ne. Da hantsi bas ta fara hawa dutse, gilashi ya fara jiƙewa. Suna gangarowa sai ga ciyawa har gwiwa, gajimare ya sauko yana taɓa kan bishiyoyi, raƙuma da shanu suna kiwo tare a cikin yayyafi. Ta ce sai da ta dafa kujerar gaba, don abin ya yi mata kama da Kagoro a tsakiyar damina. A Salala suka ga gonakin ayaba da gwanda da kwakwa a bakin titi, masu sayarwa suna fasa kwakwar da adda.

Yayan Tuful ya ɗauke su a mota zuwa Taƙa. Gari ne ƙarami, gidaje farare da tsofaffi na dutse, ga wani tsauni da ya shiga cikin teku. Tekun yana hauka a wannan lokacin na shekara, ba mai fita su, an jawo kwale-kwale duka an kife su a kan yashi. Maza suna zaune a gindinsu suna gyaran raga. Unguwar su Tuful tana kusa da ruwa, kuma abin da ya fi tsaya wa Magret a rai shi ne fuskoki. Wannan tsohon kamar kawunta na Madakiya, waccan yarinyar kamar 'yar maƙwabtansu. Sai su buɗe baki Larabci ya fito, ko wani yare na mutanen dutse da ba ta taɓa ji ba.

An sauke su a ɗakin uwar Tuful, tsohuwa Bakhita. Ƙaramar mace ce, ta tsufa ƙwarai, da zobe a hanci, idonta ɗaya ya yi fari. Ita ce mai waƙar biki a unguwar tun tana budurwa, ba a kai amarya sai ta buɗe baki. Ta shafa fuskar Magret da hannu biyu ta ce mata binti, wato 'yata. Ta sa aka kawo kasko aka turara su da lubban har cikin gashi. Abinci kuwa shinkafa da busasshen kifi, da nama da ake gasawa a kan duwatsu masu zafi, da wani fate na madarar kwakwa. Ba a bar Magret ta ɗauki ko cokali ta wanke ba.

Ranar lalle bayan la'asar mata suka taru a tsakar gida, an rufe sama da tamfol saboda yayyafi. A bakin ƙofa wata ƙanwar Tuful tana zaune da kwando, duk wadda ta shigo ta ajiye wayarta. Magret ta ajiye tata. Ta juya ta ga Mary-Jane ta ajiye tata da kanta ba a tambaye ta ba, har ta ji daɗi a ranta.

Da aka rufe ƙofa mata suka yaye baƙaƙen mayafai, sai ga karammiski kala-kala, da yawa daga ciki ɗinkin Magret ne. Mata uku suka ɗauki ganguna. Magret ta ce bugun farko da aka yi ta ji shi a cikinta, don irin kiɗan da ake yi ne a gida idan an gama girbi, ba daidai ba amma dangi ne. Bakhita tana ba da waƙa ana amsawa, ana tafi, ana guɗa. Aka fito da Wasila cikin jar rigar, gashinta a buɗe yadda Mary-Jane ta gyara shi, ta yi rawa a tsakiya tana dariya. Aka jawo Magret ita ma. Ta ce rabonta da rawa tun mijinta yana da rai.

Washegari da safe tsohuwar ta kira ta ɗaki. Mary-Jane tana gefe tana tsefe wa wata yarinya kai. Bakhita ta rera wata gajeriyar waƙa, ba da Larabci ba, ta tambayi Magret ko ta gane kalmomin. Magret ta saurara da kyau, ta ce ta sake. Ba Hausa ba ce, ba Jju yarensu na Bajju ba ce, ba wani yare da ta taɓa ji a Kaduna ba. Ta ce ba ta gane ba. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce duk baƙin da ta tambaya haka suke cewa.

Sannan ta faɗa mata inda ta samo waƙar. Wajen kakarta ta koya. Ita kakar an kawo ta ne a jirgin ruwa tana ƙarama, ba ta san sunan garinsu ba, abin da take tunawa kawai akwai babban kogi da wata bishiya da ake zama a ƙarƙashinta. An sayar da ita a wannan gaɓar, ta yi wa wani gida aiki har ta mutu. Bakhita ta ce jikokinta ba sa son wannan zancen, su 'yan Oman ne kamar kowa, wasu sojoji wasu malamai, kuma suna da gaskiya. Ita dai tana so kafin ta mutu wani ya gaya mata abin da waƙar take cewa.

Magret ta yi kuka. Mary-Jane ta matso ta ce, "Mama, me ta ce?" Magret ta fassara mata duka da Hausa, kalma bayan kalma, tana share hawaye.

Sun dawo Dubai da akwati cike da tsaraba. Magret ta yi makonni ba ta da wata hira sai Taƙa. Ta ce in ta gama aurar da ƙanwar Edwin, can za ta nemi ɗan shago ta zauna. Mary-Jane kuwa ta yi shiru, kullum tana kan gado da abin ji a kunne tana danne-danne. Mun ɗauka gajiya ce.

Wajen wata guda bayan haka Tuful ta shigo shagon da rana tsaka, ba ta kira ba, ba ta riƙo yadi ba. Magret ta tashi za ta rungume ta, ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Ta ajiye waya a kan teburin yanka ta danna.

Tsakar gidan ce. Hoton yana ɗan rawa, daga ƙasa aka ɗauka, kamar daga cikin jaka ko naɗin zane. Ga mata ba mayafi, ga Wasila tana rawa gashi a buɗe, ga Magret kanta tana juyi. Sai ɗakin tsohuwa, Bakhita tana rera waƙar kakarta. A kan wannan duka muryar Mary-Jane ce da Turanci, an rubuta fassarar Larabci a ƙasa. Tana cewa ta gano wani ɓoyayyen gari na jikokin bayi a ƙasar Larabawa. Ta faɗi sunan garin, ta faɗi sunan tsohuwar, ta ba da labarin jirgin ruwa da kogi da bishiya, yadda Magret ta fassara mata. Mutum sama da dubu ɗari huɗu sun kalla.

Mary-Jane waya biyu ta tafi da su. Tsohuwar wayar ce ta ajiye a kwando.

Tuful ta bari ya ƙare. Mazan shagon duk sun tsayar da kekunansu.

"Dangin mijin Wasila sun gani," in ji ta. "Abokan aikinsa sun gani. Yara a makaranta suna kiran jikokin uwata da wannan kalmar. Wasila tana gidanmu yanzu, ban san ko za ta koma ba."

Magret ta ce wallahi ba ta sani ba. Kirista ce, amma abin da ya fito bakinta ke nan.

"Na san ba ki sani ba," in ji Tuful. "Amma yarinyar ba ta jin Larabci. Wa ya gaya mata abin da uwata ta ce?"

Tuful ta ci gaba.

"Na tambaye ki tun farko, kika ce kin tsaya mata." Ta ɗauki wayarta ta sa a jaka. "Uwata ta ce in gaya miki ba ta riƙe ki ba. Ni ce ban kai nan ba tukuna. Khalas, shi ke nan."

Ta fita. Magret ta bi ta har titi babu takalmi, ta ga ta shiga tasi.

Ina filat da yamma lokacin da Mary-Jane ta dawo daga aiki. Magret tana zaune a bakin gado tun da ta shigo, ko ɗankwali ba ta cire ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Waya biyu kika tafi da su."

Mary-Jane ta ajiye jaka. "Mama, da ma ina so in gaya miki. Ina jiran lokacin da ya dace ne."

"Kin ci abincinsu. Kin kwana a kan katifar tsohuwar."

"Ai don su na yi. Tarihinmu ne, Mama, mu baƙar fata. Duniya ba ta san da su ba. Ki ga abin da mutane suke rubutawa, daga Amurka, daga Birazil, wasu har kuka suke yi."

"Su sun ce miki suna so duniya ta san da su?"

"In kowa ya yi shiru haka tarihi yake ɓacewa."

"An kori yarinya daga ɗakinta."

Mary-Jane ta ce wannan laifin mijin ne da danginsa, ba nata ba, mutanen da za su saki mace don an ga gashinta da ma ba mutanen kirki ba ne. Magret ta ce ta cire shi yanzu a gabanta. Ta ce ba za ta iya ba, wani kamfanin yawon buɗe ido ya riga ya yi mata magana a kansa. Ta ce za ta iya dusashe fuskoki.

 Magret ta ce, "Na ɗauko ki a Muraƙƙabat da jaka ɗaya. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa."

"To ai na gode, Mama. Amma ba sayena kika yi ba."

Ƙarshen wata ta kwashe kayanta ta koma unguwar Barsha. Daga baya ta dusashe fuskokin, amma kafin nan an riga an kwafe na farko, yana yawo a wayoyin mutane har yau.

Abin da ya ƙara karya Magret a coci ya faru. Akwai zumuntar 'yan Arewa da suke haɗuwa bayan sujada, ita ce mai dafa musu abinci duk Kirsimeti. Ta kai ƙara wajen shugaban zumuntar, wani dattijo injiniya mai suna Clement, mutumin da take girmamawa. Ya saurare ta, ya ce zai yi magana da yarinyar. Mako biyu bayan haka ta shiga taro ta tarar an kafa majigi, Mary-Jane tana tsaye a gaba tana bayani a kan 'yan uwanmu da ke ƙasashen Larabawa, ana tafa mata. Da aka tashi Clement ya ja Magret gefe.

"Maman Edwin, yarinyar nan ta ɗaga sunanmu. Ta yi kuskure a yadda ta bi, na yarda. Amma ke ce babba, ki yafe. Waɗancan mutanen fa ba namu ba ne, wannan ita ce taki."

Magret ta ce ta ji. Ba ta daina zuwa coci ba, amma tun ranar ana gama sujada take fita ta ƙofar baya, kuma Kirsimetin shekarar wasu ne suka yi girki.

Ta yi niyyar komawa Taƙa da ƙafarta ta durƙusa a gaban tsohuwar. Ta aika wa yayan Tuful saƙo a kan takardar shiga, bai amsa ba. Tana neman wata hanya sai korona ta zo aka rufe iyaka, aka rufe shago, muka zauna a filat muna kallon juna. A cikin watannin nan ta rame sosai. Takan yi wa Tuful saƙon murya da Larabcinta na shago, ta goge, ta sake yi. Wasu ta aika. An saurara, ba a amsa ba.

A ƙarshen 2020 wata mata 'yar Salala da ke kawo ɗinki shagon maƙwabta ta ba ta labari. Wasila ta koma ɗakinta bayan an yi ta sulhu, amma mijin ya nemi canjin wurin aiki sun bar garin. Bakhita ba ta sake waƙa a biki ba tun daga lokacin, ko an roƙe ta sai ta ce murya ta tafi. Ta rasu da rani, ba korona ba, tsufa. Magret ta tambayi matar ko an yi zaman makoki, ta ce lokacin an hana taro, mutum kaɗan ne suka kai ta. Ranar Magret ba ta ci abinci ba. Ta ce mini abin da ke cin ta shi ne da bakinta aka yi, da ta ce wa yarinyar maganar manya ce, da shi ke nan. Na ce mata wanda ya ɓoye waya a zane ya riga ya gama shirinsa tun kafin a fassara masa komai. Ta ce ta sani, amma sanin bai rage mata komai ba.

Mary-Jane ta yi gaba. Ta bar kitso, tana da mabiya masu yawa, da aka buɗe hanya ta fara kai baƙi daga Amurka da Ingila yawo a Oman da Zanzibar. Taƙa dai an ce ba ta shiga unguwar, daga kan tsauni take nuna musu rufin gidajen.

A watan Nuwamba na 2021 ta shigo shagon Satwa. Na je karɓar ɗinkina, ina zaune a kan benci. Ta yi kyau, ta yi ƙiba kaɗan, tana riƙe da leda mai farin leshi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Magret, ta ce za ta yi aure a Kaduna bayan sabuwar shekara, kuma ba ta son kowa ya taɓa rigarta sai Mama. Ta ce uwarta ma ta ce a gaishe ta.

Magret ta amsa gaisuwa, ta tambayi uwar, ta tambayi sunan mijin da garinsu, ta yi mata fatan alheri. Ta buɗe ledar ta murza leshin tsakanin yatsu ta ce mai kyau ne. Sannan ta miƙa wa telan da ke keken gaba, wani ɗan Bangaladash, ta ce masa da Larabci ya auna ta.

"Mama, ke nake so ki yi."

"Ya iya aiki. Ba zai ɓata miki ba."

"Har yanzu, Mama? Shekara biyu fa."

"Har yanzu."

Mary-Jane ta karɓi ledarta daga hannun mutumin ta fita. Magret ta gyara zama ta ci gaba da kafa hannun rigar da take yi. Da muka tashi muka biya ta gidan burodi, ta sayi guda huɗu, ta ce mini Edwin ya samu gurbi a jami'a a Zariya, tana so ta je gida da Ista ta gan shi.